Ranar da Na Auna wa Malam Soda

Tun da muka baro Zurmi goro ya daina yi mini ɗanɗano. Ina ci dai don baki ya saba, amma da shi da tauna tsumma duk ɗaya ne a wurina. Ɗana da nake zaune a gidansa nan Kaura yakan sayo mini fari mai kyau, in karɓa in sa masa albarka, in ɗaure a bakin zane, wani lokaci har ya bushe ban tuna da shi ba. Ni kuwa a cikin goro na tashi. Fataucinsa mahaifina yake yi a Badarawa. A wancan zamani jirgin ƙasa ke kawo shi Kaura daga kudu, huhu-huhu naɗe da ganye, daga nan manyan motoci da jakuna su watsa shi ƙauyuka. Ranar da kayan Baba suka iso, tun daga zaure ake jin ƙanshin ɗanyen ganye. Sai a shimfiɗa mana tabarma mu 'yan mata, a zube mana shi, mu ware manya gefe guda, ƙanana gefe guda, masu sankara a jefa kwando, sannan mu ƙidaya biyar-biyar har ɗari. Ɗarin nan ita ake kira ƙwarya guda. Muna ƙidaya muna jin luguden Inna da maƙwabciyarta daga tsakar gida, da kukan kurciya a kan tsamiya. In Inna ta ga mun daɗe sai ta leƙo ta ce ido ba mudu ba, amma ya san kima, mu ɗiba kawai mu tashi mu tafi rijiya. Baba kuma daga zaure ya ce a bar mu, kima ba ta raba gardama a kasuwa.

A kasuwar Shinkafi Malam ya fara ganina, na kai wa Baba fura a rumfarsa. Shi mutumin Kasuwar Daji ne, malamin makaranta, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta zube. Ya zo sayen goron da zai kai wa mahaifiyarsa, daga nan sai mahaifiyar tasa ta zama ba ta rabuwa da buƙatar goro. Ni na yi firamare har na gama, na iya karatu da ɗan lissafi, kuma na so shi kamar yadda ya so ni. Aka kawo ni gidajen malamai na wata makarantar kwana ta maza a bakin garin Kaura, inda yake koyar da kemistiri. Ban san abin da kalmar take nufi ba. Na dai san rigunansa duk da 'yan huje-huje kamar gara ta ci, kuma hannunsa wani lokaci yakan dawo da wari irin na ashana.

Rayuwar wurin da ƙararrawa take tafiya, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin dogon yaro. Da ita ake tashi, da ita ake cin abinci, ni ma da ita nake sanin lokacin ɗora tukunya. Akwai malamai daga ƙasashe masu nisa, matansu su koya mana girkinsu mu koya musu dambu, har lokacin da suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, aka bar Malam shi kaɗai a fanninsa. Bayan la'asar 'yan ajin ƙarshe sukan taru a barandarmu, ni ina ciki ina surfe ko ina tankaɗe, bango kawai ke tsakaninmu. Sai in ji sun ɗauka baki ɗaya kamar masu haddar allo: haidurojin ɗaya, kabon sha biyu, oksijin sha shida, sodiyam ashirin da uku. Yau da gobe har ya zauna mini, da shi nake rarrashin ɗana na fari in yana kuka, ban san ko sunayen garuruwa ba ne ko na aljanu. A lokacin mutum yakan tashi daga Kaura da yamma ya nufi Shinkafi, babban abin tsoronsa shi ne taya ta fashe. Ranar Juma'a ɗaliban nan su fita da fararen kayansu su bazu cikin gari, ba wanda ke ƙidaya su sai sun dawo. Yanzu jikokina in sun wuce lokacin tashi da ɗan kaɗan, uwarsu tana bakin ƙofa da waya a hannu.

Abin ya faru ne ana gab da jarrabawar fita. An yi hutu, malamai duk sun tafi garuruwansu, 'yan ajin ƙarshe kaɗai aka riƙe don bita. Ina shanya wanki na ga yara sun taho a guje, biyu sun riƙo Malam, rigarsa sharkaf da ruwa, ya rufe fuska da hannu. Yana narka soda ne a ɗakin gwaje-gwaje, kwalbar ta tsage, ruwan ya fantsamo masa a ido. Yaran sun yi hankali, sun danna kansa ƙarƙashin famfo sun daɗe suna wankewa. Aka kai shi asibiti a Gusau, aka dawo da shi idanu duka biyu a naɗe da bandeji. Likita ya ce a jira, gani na hannun Allah. Ba mu yi maganar ba ni da shi. Na san abin da ke ransa: malamin da ba ya gani, ga mata, ga jariri, ga tsohuwa a ƙauye. Na riƙa sa masa abinci a hannu, ina nuna masa inda buta take. Bai fasa karatun baranda ba, da ka yake yi musu, amma murya ce kawai ke fita, mutumin ba ya ciki.

Wata safiya ya ce da ni, "Ke 'yar Badarawa, kin taɓa taɓa soda?"

Haka yake kirana. Na ce, "Wadda Inna ka yin sabulu da ita? Na sha dama mata."

"Kin san tana ci."

"Na ga abin da ta yi ma."

Sai ya faɗa mini damuwarsa. Akwai jarrabawar da ba a rubutu kaɗai ake yi ba, sai yaro ya haɗa ruwan soda da ruwan asid da hannunsa ya auna. Yaran nan ba su yi bitar wannan ba ko sau ɗaya. Asid ɗin ya riga ya haɗa kafin tsautsayin, saura na soda. An aika neman wani malami, shiru. Shi kuma ya rantse ba ɗan wani da zai taɓa busasshiyar soda a ƙarƙashinsa bayan abin da ya same shi. Na ce to ni ba ɗiyar wani ba ce? Ya ce, "Ke kin san ta, su ba su san ta ba. Amma in kin ji tsoro a bari."

Na kai yaro wurin matar mai gadi, na yafa mayafi. Ranar ce ta farko da na taɓa tafiya a gaban mijina. Ya dafa kafaɗata, muka ratsa filin ƙwallo da hantsi, ina ce masa ga rami, ga dutse. Ɗalibai suna ƙarƙashin itace da littattafansu, suka miƙe suka gaishe mu, suka sunkuyar da kai.

Ɗakin dogo ne, da tebura masu baƙin sama, kowanne da ɗan kwamin wanke hannu da famfo mai dogon wuya. Kwalabe jere a bango, ga wannan warin na hannun Malam ya cika ko'ina. Na zaunar da shi a kujera mai tsawo. Na zaci zai ce ɗebo kaza zuba a kaza, in yi in fito. Sai ya ce shi ba ya sa mutum aikin da bai san dalilinsa ba, ko da matarsa ce.

Ya ce, "Ƙwaryar goro guda nawa ce?"

"Ɗari."

"Ƙwaryar manya da ƙwaryar ƙanana, wacce ta fi yawa?"

"Duk ɗari ɗari ne. Ta manya dai ta fi nauyi."

"To da Baba ya san nauyin ƙwarya guda ta manya, anka kawo mai huhun manya zalla, sai ya zaunar da ku ƙidaya?"

Na yi tunani na ce a'a, sai ya ɗora a sikeli ya raba da nauyin ƙwarya guda, ya san ƙwarya nawa ke ciki. Ya ce to aikinsu ke nan. Soda da gishiri da kowane abu, ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido bai taɓa gani ba, kuma ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa, ɗaya ta soda da ɗaya ta asid ɗin nan, don haka dole a san yawansu. Ba mai iya ƙidaya su, sai aka yi musu tasu ƙwaryar, ana kiranta mol. Yawan da ke cikin mol guda ba ya canzawa ko na mene ne, nauyin ne ke bambanta. Ya ce kowace ƙwayar soda abu uku ne a haɗe, sodiyam da oksijin da haidurojin, bari ya faɗa mini nauyin kowanne.

Na ce, "Ashirin da uku, da sha shida, da ɗaya."

Ya juyo da fuskarsa mai bandeji wajena. "Wa ya gaya miki?"

"Bangon gidanmu ba shi da kauri, Malam."

Ya ce in haɗa. Na ce arba'in. Ya ce to mol guda na soda giram arba'in ke nan. Ruwan da za mu haɗa lita biyar ne, kowace lita tana son kashi ɗaya cikin goma na mol. Mol nawa ke nan? Na lissafa da yatsu na ce rabi. Ya ce giram nawa zan auna? Nan na rikice. Na tuna a zancen huhu rabawa muka yi, sai na kama ƙoƙarin raba rabi da arba'in, na rasa ta inda zan kama. Na ce masa abin ba ya rabuwa. Bai gaya mini ba. Ya ce, "Mutum ya zo rumfar Baba ya ce a ba shi rabin ƙwarya, ku kuma sikeli kawai gare ku." Na tsaya ina kallon famfo yana ɗiga. Sai abin ya buɗe mini kamar an ɗaga labule: in nauyi ke hannunka kana neman mol, rabawa za ka yi, in mol ke hannunka kana neman nauyi, sai ka ninka. Na ce giram ashirin. Ya ce, "In da hannunki ya zarce kin zuba sittin fa, mol nawa?" Na ce ɗaya da rabi. Ya ce, "Ɗauko sikeli."

Sikelin a cikin akwatin gilashi yake, da faranti biyu ƙanana, da duwatsun awo na tagulla waɗanda ba a taɓawa da hannu sai da ɗan matsefata. Ya sa na ɗaure hannuna da safar roba, na sa wani tabarau mai faɗi, wanda shi ranar bai sa ba. Sodarsu ba irin ta Inna ba ce, farare ne ƙwaya-ƙwaya kamar ɓararren wake. Ya ce in yi sauri, tana shan danshin iska, in na yi nawa sai in auna ruwa a zaton soda. Allurar sikelin tana lilo, yana tambayata ina ta karkata, ina ce masa dama, yana cewa rage ƙwaya biyu. Da ta tsaya a tsakiya na zuba a ruwa kaɗan-kaɗan ina juyawa da sandar gilashi, fuskata a kauce. Kwalbar ta ɗauki zafi ba wuta. Ya miƙo hannu ya lalubi jikinta, ya janye, ya sake mayarwa ya bar shi a kai. Muka jira ta huce, na ƙara ruwa har ya kai zanen lita biyar.

Saura a gwada. Na auni ruwan sodan daidai gwargwadon da Malam ya ce a wata kwalba mai faɗin gindi, na ɗiga wani magani, ruwan ya zama ruwan ɗorawa. Asid ɗin yana cikin doguwar kwalba siririya mai lambobi a jiki da ɗan famfo a ƙasa. Malam ya ce in lissafinmu daidai ne, da asid ya sauko kusa da lamba ashirin da biyar launin zai juya. Na buɗe famfon ina girgiza kwalbar ƙasa kamar yadda ya ce. Goma ta wuce, ashirin ta wuce, ba abin da ya canza. Ya ce yanzu ɗigo-ɗigo.

"Ya juya?"

"Bai juya ba."

"Yanzu fa?"

"Yana yi yana ɓacewa."

"Ɗigo guda."

Na saki guda. Ruwan ɗorawa ya koma ruwan goro, ya tsaya a haka. Na ce, "Malam, ya juya." Ya ce in duba lamba, in sa idona daidai da saman ruwan. Na ce ashirin da biyar ta gota da ɗan ƙanƙanin zane biyu. Sai ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka riƙo shi, har yana dukan tebur. Ya ce, "Aradu 'yar Badarawa, da ke anka bari makaranta da kin kore ni aiki." Ni kuwa na tsaya da kwalbar a hannu. Abin da ban gani ba, shi ma bai gani ba, mun faɗi yawansa tun kafin ya nuna kansa, kuma ya zo ya same mu a inda muka ce. Ban taɓa jin kaina da girma kamar ranar ba. Da muka fito ban ma ji nauyin hannunsa a kafaɗata ba.

Yaran suka yi bitarsu da ruwan nan, yana zaune suna faɗa masa launi. Da aka kwance bandeji idon dama ya dawo, na hagu ya yi fari, haka ya zauna har ƙarshe. Ya riƙe aikinsa. Ya sha ce mini in koma karatu, ni ma na so, amma haihuwa ta zo a jere, kuma ban ce an cuce ni ba. Ban sake shiga ɗakin ba a zamanmu na wurin. Sai dai wani lokaci muna cin abinci ya ce, gishiri giram kaza mol nawa ne, in ba shi amsa, yara su yi ta kallonmu.

Da ya yi ritaya ya sami gona wajen Birnin Tsaba, muka zauna a Zurmi. Mun ci shekaru masu daɗi a can. Matan rugar da ke kusa da gonar su kawo mana nono da man shanu, bayan girbi shanunsu su kwana a gonarmu su bar mana taki, in an yi ɓarna dattawa su zauna a gindin itace su kashe maganar. Yadda abin ya lalace kowa a ƙasar nan ya sani, ba sai na faɗa ba, kuma kowane gida da nasa mamacin, nasu da namu. An ce wa Malam ya bar zuwa gonar. Ya ce dawa ta nuna, ba zai bar ta ga tsuntsu ba. Ya fita da safe. Da la'asar aka kawo shi a bayan mota, lulluɓe da bargon wani. Na duba fuskarsa, na gyara masa hula, na shiga na ɗora ruwan wanka. Mata suka cika gida suna kuka, ina ba su haƙuri. Aka ce ina da tawakkali. Ni na san ba shi ba ne. Wani abu ne ya rufe a cikina, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana taɓawa kana jin kamar ta wani ce. Na yi takaba na gama, ɗana ya zo ya kwashe ni, har yau abin nan bai buɗe ba.

Kwanakin baya aka aiko mini cewa ƙanwata Lanti ta baro Badarawa da jikokinta, an sauke su tare da mutanen ƙauyuka da yawa a wata makaranta da aka rufe. Na hau babur da ɗan ƙullin gari da daddawa. Sai da mai babur ya tsaya na gane wurin. Filin ƙwallo duk murhu ne da igiyoyin shanya. Aka yi mini kwatance har ɗakin da suke, na shiga, ga teburan nan masu baƙin sama, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, an cusa tukwane a kwamin wanke hannu, an yi labule da buhu tsakanin iyali da iyali. Ba kwalba ko ɗaya. Warin ma ya tafi, sai na hayaƙi da fitsarin yara. Na tsaya ina jira in ji wani abu. Lissafin ne kawai ya zo, cif, ba abin da ya ɓace: ashirin da uku, sha shida, ɗaya, arba'in, rabinsa ashirin. Ya zo shi kaɗai, bai taho da kowa ba.

Lanti tana zaune da tire a cinya tana tsintar tsakuwa a shinkafar da aka raba musu. Ta tsufa fiye da ni. Mijinta yana daji a hannun 'yan bindiga, tun kafin su taso ba a sake jin muryarsa ba. Muka gaisa, ta matsa mini a tabarma.

Ta ce, "Yaya, an ce nan kunka zauna da Malam."

Na ce, "Can baya, gidajen malamai. Nan sau ɗaya na shigo."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ke kin yi kuka?"

"Ban yi ba."

"Ni ma ina ta jira."

Ta turo tiren tsakaninmu. Na gyara zama, na sa hannu, muka ci gaba da tsinta.